Tsanin Shagon Wanki

Shekarar da na bar Maradi na dawo Gazawa, na zo da injin wanki biyu na gwanjo da niyyar buɗe wurin wanki da guga a shagon da ke jikin gidanmu. Na riga na yi bankwana da maigidan da nake yi wa aiki a can, bankwanan da ba komawa. Duk abin da na mallaka yana cikin shagon nan, lulluɓe da leda, yana jiran izinin mairi, wato ofishin magajin gari.

Ni mutum ne mai bin abu daki-daki. Da farko na je mairi na tambayi ƙa'ida. Ma'aikacin da ke kula da filaye da gine-gine ya ce unguwarmu ta zama ce, ba kasuwa ba. Saboda haka sai ya zo ya ga wurin da idonsa, sai kuma maƙwabtan da muke haɗa katanga sun ce sun yarda a gaban mai unguwa. In mutum ɗaya ya ƙi, magana ta mutu.

Na ɗauka ruwa ne abin da mutane za su ji tsoro. Katangunmu na ƙasa ne, ruwan sabulu kuwa in ya kwanta a gindin katanga sai ya cinye ta. Don haka na sa aka haƙa rami mai zurfi, aka zuba duwatsu, aka rufe da siminti. Bayan nan na bi maƙwabta gida-gida da goro. Daga ƙarshe na kira mai haɗa famfo daga Maradi ya ɗora mini tanki bisa soron shagon, tunda famfon gari ba kullum yake kawo ruwa ba. A can saman kuma na yi niyyar ɗaura igiyoyin shanya.

Ranar da ya zo, na tafi Agiye neman wani bututu da ya ce babu. A garinmu ba a hawa soro ko itace a cikin unguwa sai an ɗaga murya an ce, "Za a hau!" sannan a dakata mata su kimtsa, domin banɗakunanmu ba rufi. Shi kuwa mutumin birni, ya jingina tsanina ya haye da hantsi yana fito. Gidan da ke gabas da mu na wani dattijo ne, manomi, abokin marigayi mahaifina. Surukarsa tana wanka a lokacin.

Da na dawo, matata ta tare ni a zaure da ƙullin ganye a hannu.

"Malam, ga goronka an maido."

Ta faɗa mini abin da ya faru. Ban ko ajiye bututun ba na nufi gidan. Na tarar da dattijon a ƙofar gida yana sa wa hauya ƙota. Na durƙusa.

"Baba, na zo ban haƙuri."

"Na me? Kai ka hau?"

"Baƙo ne, Baba, bai san garin ba."

"Baƙon da tsaninsa ya zo daga Maradi?" Bai ɗago kai ba. "Yau mai famfo, gobe mai shanya, jibi mai kwashe shanya. Iyalina su koma wanka a ƙarƙashin gado ke nan? Tashi ka tafi, ɗana. Ubanka bai taɓa leƙa mini gida ba."

Kwanakin da suka biyo baya abinci bai yi mini daɗi ba. Ina gaishe shi a masallaci, ya amsa a taƙaice. Na aika limami, ya dawo ya ce dattijo ya ce ya ji, shi ke nan. Kowace safiya sai in buɗe shagon in ɗaga ledar in duba ko ɓera ya shiga wayoyin injin. Matata ta daina zuwa gidansu ɗibar wuta. Sau da yawa ina tsaye cikin sallah zan tsinci kaina ina tunanin da wace fuska zan koma Maradi neman tsohon aikina.

Ranar dubawa ma'aikacin mairi ya zo bisa babur, mai unguwa ya zauna a tabarma, maƙwabta suka kewaye shi. Ma'aikacin ya duba ramin, ya sa aka zuba ruwa bokiti-bokiti, ƙasa ta shanye, ya ce madalla. Mai unguwa ya tambayi maƙwabcin yamma, ya ce ya yarda. Na arewa ma haka. Aka zo kan dattijon, sai ya ɗaga kai yana kallon tankin.

Ma'aikacin ya ce, "To bari in hau in ga saman."

Mai unguwa ya riƙe masa hannu. "Ranka ya daɗe, in kana son mu tashi lafiya, rabu da tsanin nan."

A nan na gane ba sauran abin da zan riƙe. Na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, a shaida. Tanki zai sauko, in yi masa ƙafafu na ƙarfe a tsakar gidana, ƙasa da katanga. Shanya ma a tsakar gidana. Ba mai sake hawa soron nan."

Dattijon ya ce, "Alkawarin mai shago ne. Ran da kaya suka yi yawa, rana ta yi ƙaranci, tsani yana jingine yana kallonka."

"A kai shi gidanka, Baba. In soro ya yi yoyo da damina, in zo in roƙa."

Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya juya ya ce wa mai unguwa, "In haka ne, na yarda."

Izini ya fito. Tankin da ke ƙasa ba ya tura ruwa da ƙarfi, injin yakan daɗe kafin ya cika. Tsakar gidan matata ta zama dajin riguna da zannuwan mutane, awakinta suka koma gidan ƙanenta, kuma ba ta gaji da tuna mini ba. Da damina kaya ba sa bushewa da wuri, masu su su zo su yi ta faɗa. Nakan ɗaga kai in ga soron fayau, rana na dukansa a banza, sai in sunkuya in ci gaba da matse kwala.