Kofin Ruwa a Kujerar Baya

Sannu-Sannu ake ce masa a unguwa, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba. Tun yana saurayi yake tuƙi a wani kamfanin kayan gini, ya ja manaja bayan manaja har kansa ya yi fari fat. Sauran direbobi da gudu suke tinƙaho, shi kuwa abin alfaharinsa guda ne: ba a taɓa ɓarar da shayi a motarsa ba. Duk motar da aka miƙa masa makullinta, sai ya cika kofi da ruwa, ya kafa shi cikin kwano a kujerar baya, ya zaga gari ya dawo ya leƙa. In ya tarar da ruwa a kwanon, to ko dai motar ce da laifi ko shi, kuma ba ya samun sukuni sai ya gano wane ne a cikinsu. Da ya yi ritaya, kamfani ya bar masa motar da yake ja, 'yar ƙarama mai ƙofa huɗu, ruwan toka, wadda ta kusa zama sa'ar Auta, 'yarsa ta ƙarshe.

Matarsa tela ce, mai baki kamar almakashinta. Ba ta taɓa yarda ta zauna a gaba ba. Takan hakimce a baya, inda manajoji ke zama, ta ce, "Direba, kasuwa."

Shi kuma ya ce, "An gama, ranki ya daɗe."

Haka suka tsufa suna wannan wasa, 'ya'ya suna jin kunya, su ko a jikinsu.

Ciwonta daga gadon baya ya fara. Ta ɗora laifin a kan keken ɗinki, ta sha shafe-shafe, har dai likita ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya shiga ƙashi. Daga nan zuwa asibiti ya zama aikin Sannu-Sannu. Hanyar kuwa ba ta da mutunci: kwalta ta ɓaɓɓake, rami na bin rami. Shokar motar, wato ƙarafan nan da ke bayan tayoyi suna shanye girgizar hanya, ta daɗe da mutuwa, mai ya tsiyaye daga jikinta. In suka faɗa rami sai motar ta yi ta lilo kafin ta nutsu. Yakan hango matar a madubi ta ciji bakin gyalenta, idonta a rufe. Ba ta taɓa cewa uffan ba, kuma wannan shirun ya fi komai cin ransa.

Ran nan ya shirya ya tafi shagon kayan mota neman sabuwar shoka. Mai shagon ya ce na ainihin kamfanin motar sun daina zuwa, motar ta tsufa. Sai dai sababbi na wasu kamfanoni, waɗanda suka yi daidai da ita.

"Iri biyu ne, Baba. Akwai mai laushi, akwai mai ƙarfi. Wanne zan ɗauko?"

A nan ne tsohon ya yi kuskuren da sai irinsa ke yi. Duk tsawon aikinsa, in kamfani ya aike shi sayen kaya, magana ɗaya ce a bakinsa, a ba shi mai ƙarko. Kalmar laushi a kunnensa tana nufin abin banza, wanda zai mutu kafin shekara. Bakinsa ya riga tunaninsa.

"Ba ni mai ƙarfin. Ni ba na sayen abu sau biyu."

A gareji ya tsaya a kan bakanike tun daga ɗaga mota har sauke ta. Aka cire tayoyi, aka kwance shokar gaba mai naɗe da sifirin, aka matse sifirin ɗin da ƙarfe aka zare tsohuwar shoka, baƙa ƙirin, tana ɗigar mai. Sababbin suka shiga suna ƙyalli. Bakaniken ya danna gefen motar da ƙirjinsa, ta ƙi motsi.

"Kai, Baba! Wannan sai dai jikokinka su canza."

Sannu-Sannu ya ji daɗin maganar har cikin ransa. Saboda ɗoki ko gwajin kofin bai yi ba, abin da bai taɓa tsallakewa ba a rayuwarsa. Washegari ranar asibiti ce.

Ramin farko da suka taka, ba wani babba ba ne. Motar ba ta yi lilo ba, dukan ya wuce kai tsaye daga taya zuwa kujera. Matar ta ƙwalla ƙara. Tun da ya aure ta bai taɓa jin irin wannan sauti daga bakinta ba, ko a ɗakin haihuwa. Auta da ke riƙe da ita ta fashe da kuka. Ya rage gudu har masu tafiya a ƙasa suna wuce su, amma kowane ɗan tsakuwa sai ya iso bayanta. Da suka dawo gida aka kwantar da ita, ta daɗe tana mai da numfashi kafin ta kalle shi.

"Direba, na sallame ka. Ni da motarka sai ka gyara mata hali."

Da murmushi ta faɗa, amma da gaske take. Kuma akwai wata ranar asibitin tana tafe, wadda likita ya ce kada a kuskura a tsallake.

Ya koma gareji. Tsofaffin da aka cire fa? An riga an sayar wa mai tara ƙarafa. Mai shago ya ce abin da aka ɗaura ba ya dawowa, masu laushin kuma sun ƙare, sai an yi odarsu, sai wani watan in Allah ya yarda. Bakaniken ya sosa ƙeya da sifana.

"Irin na masu lodin kaya ne ka sayo, Baba. Amma kamar sabon takalmi ne, sai an taka yake saki. Ka loda mata nauyi, ka yi ta bin gargada da ita. Za ta yi laushi."

Bakanike dai, in yana so ka matsa masa daga inuwa, ba abin da ba zai faɗa maka ba. Ko gaskiya ce ko rabinta, tsohon ya riƙe maganar hannu bibbiyu, don ba shi da wata.

Ya samo buhuna ya cika da yashi, ya jera a but ɗin bayan motar, wasu a ƙasan kujera. Kullum da safe sai ya kafa kofinsa a cikin kwano, daidai inda take zama, ya nufi bayan gari inda manyan motoci suka farfasa hanya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kauce wa ramuka, ga shi yana nemansu ɗaya bayan ɗaya yana faɗawa da gangan. Haƙoransa na haɗuwa, ƙugunsa na amsawa. Ya tsaya, ya leƙa, kwano cike da ruwa. Ya sake cika kofin daga jarka, ya juya.

Auta ta fara tare shi a ƙofa.

"Baba, tun ɗazu take tambayarka."

Yakan leƙa ɗakin. Ƙamshin man zafi da na magani, labule a sake, keken ɗinki an rufe shi da zane a lungu. Matar ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa.

"Direba, zauna mana. Yau ba inda za ni."

"Bari in ɗan zaga in dawo. Ta kusa, wallahi ta kusa."

"Kai dai da motarka," in ji ta, ta mai da fuskarta bango.

Gaskiyar magana, tsoron ɗakin yake. A bakin gadon nan bai san inda zai sa hannuwansa ba, bai san me zai ce ba, kuma yana ganin abin da ke zuwa ƙuru-ƙuru. A bayan sitiyari kuwa akwai abin yi. Yana son ta so mai tsanani, kuma iyakar yadda ya iya nuna shi ke nan, ya kai ta inda za ta ba tare da ta ji jijjiga ba. Sai ya zaɓi ramuka, ya bar Auta da ɗakin.

Ruwan kwanon ya riƙa raguwa. Ko shokar ce ta saki, ko ƙafarsa ce ta koyi halinta, shi kansa bai sani ba. Ana jibi ranar asibiti, ya sauke gudu ya bi ainihin hanyar da za su bi, tun daga ƙofar gida har ƙofar asibitin, ya dawo. Ya buɗe ƙofar baya ya sa yatsa a kwano. A bushe yake ƙamas.

Ya ɗauko kwanon da kofin a ciki, ya riƙe da hannu biyu, yana sauri kamar yaro, zai kai mata ta gani da idonta. A tsakar gida ya tarar da maƙwabta mata tsaitsaye. Auta na zaune a bakin ƙofar ɗakin, ta haɗa kai da gwiwa. Da ta ɗago ya gane.

Ya daɗe a tsaye da kwanon a hannu, ba wanda ya yi tunanin karɓa. Can ya ce, "Ta yi magana?"

"Ta yi, Baba."

"Me ta ce?"

Auta ta so ta ɓoye, amma ba ta iya yi masa ƙarya ba. "Cewa ta yi, wai direban nan bai dawo ba?"

Har yanzu yana unguwar, kuma motar na nan. Ya rage fita, ya rage magana, kofin ma ba a sake ganinsa ba. Buhunan yashin ne dai ya hana kowa saukewa. Bayan an watse daga zaman makoki da 'yan kwanaki, Auta ta roƙe shi ya kai ta asibitin ta mayar da keken marasa lafiya da suka aro. Gaba cike da kaya, sai ta shiga baya. Suka bi hanyar nan, rami na bin rami, motar tana haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta jingina, gajiyar kwanaki ta sauko mata, ta yi magana ba tare da ta auna ba.

"Baba, motar nan fa ta yi laushi."

Sai ta ji abin da ta faɗa, ta toshe bakinta. Ya ɗaga ido ya kalli madubi, inda ya saba kallo, ya mai da shi kan hanya.

"Ta yi," ya ce, ya kauce wa wani ɗan rami.