Ranar da Shugabanmu Ya Ɗauki Makarar Dagaci

Na manta abubuwa da yawa na zamanin siyasarmu, har da fuskokin wasu da muka ci tuwo kwano ɗaya, amma akwai wata rana a Kalgo da ba za ta fita raina ba sai ranar da aka rufe ni.

Lokacin soja sun ɗage takunkumin siyasa ke nan, wajen ƙarshen shekarun saba'in. Ni tela ne a kasuwar Gwandu, kuma tun da ni ke ɗinka tutocin jam'iyyarmu ta talakawa, sai rumfata ta zama ofis ba tare da kowa ya nemi izinina ba. Ina taka keken ɗinki, ana gardama a kaina. Ban iya jawabi ba, amma kunnena ya sha magana har ya ƙoshi.

Shugabanmu wani dattijo ne baduku, mutumin Kambaza, wanda kowa ke kira Baba. Tun siyasar farko yake cikin wannan tafiya, kuma bayansa duk tabon bulala ne. Wani dagaci na wani ƙauye kusa da Kalgo ne ya sa aka kwantar da shi a bainar jama'a saboda ya yi magana a kan haraji. Duk da haka Baba mutum ne mai sanyi. Yakan je sunan 'ya'yan masu sarauta, ya gaida marasa lafiyarsu.

Wannan sanyi shi ya ƙona ran samarinmu na Kalgo. Jagoransu wani malamin firamare ne, siriri, mai harshe kamar reza. Gaskiya ina son yaron nan, don in ya hau tebur yana magana sai ka ji tsikar jikinka ta tashi. Shi a ganinsa duk wanda ya taka zauren mai rawani ya sayar da talaka. Suka kira taro a Kalgo, suka ce ko dai Baba ya sauka, ko su ɓalle su kafa nasu reshe. Zaɓe kuwa ya matso. Mu da ba mu da yawa, in muka rabu biyu ai sai dai a yi mana dariya a kasuwa.

Ranar taron muka ɗauki a-kori-kura daga Gwandu da hantsi, ana zafin bazara. Muna isa tashar Kalgo sai muka ji ana maganar rasuwa. Wannan tsohon dagacin ne Allah ya yi wa cikawa, za a yi jana'iza bayan azahar. Baba ya yi salati, sannan ya ce mu fara zuwa can.

Malamin nan yana tsaye ya zo tarbarmu, ya ji da kunnensa. Ya ce, "Baba, mutumin da ya sa anka zane ka? In ka tahi wurin nan, wallahi kada ka dawo muna da sunan shugaba."

Baba ya ce, "Malam, Musulmi ya mutu. Ku jira ni ƙarƙashin ɗorawa, in na dawo ku yi abin da kunka ga dama."

Na so in zauna a inuwa in ga yadda za ta kaya, amma kunya ta hana ni barin tsoho ya tafi shi kaɗai. Muka ari kekuna biyu muka kama hanya.

Da muka shiga ƙauyen sai kallo ya koma kanmu. Ashe an daɗe ana gaya wa mutanen nan cewa 'yan jam'iyyarmu ba su san girman iyaye ba, ba sa sallar gawa, ba sa gaisuwar mutuwa. Baba bai kula kowa ba. Ya yi alwala ya shiga sahu. Da aka ɗaga makara, ana karɓa-karɓa kamar yadda aka saba, sai na ga ya kutsa ya sa kafaɗa. Tsoho ne, amma bai saki ba sai da ya yi tafiya mai nisa. Ina bayansa, ina kallon rigarsa ta jiƙe da gumi ta manne a kan tabon nan, hawaye suka zubo mini.

Bayan an rufe, muka je zaure. Baba ya cire takalmi kamar kowa, ya zauna a tabarma, ya yi addu'a, ya miƙa wa babban ɗan mamacin hannu. Bai durƙusa ba, bai kuma ɗaga murya ba. Da ɗan ya rako mu waje, sai ya rage murya ya ce tunda abu ya zama haka, me zai hana Baba ya shigo jam'iyyarsu ta masu sarauta, a ba shi matsayi.

Baba ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, gaisuwa ta kawo ni. Ubanka na yahe mishi tun da daɗewa. Amma ranar kasuwarku muna nan tahe, kuma zancen haraji za mu yi."

A hanyar komawa na lura ba mu kaɗai ba ne. Wasu manoma na ƙauyen sun biyo mu a ƙasa, har muka sauka muna tura kekunan. Ɗaya ya ce shi yana wurin ranar da aka yi bulalar, yana so ya ji abin da mutum irin wannan ke kira a kai.

Muka tarar da samari a ƙarƙashin ɗorawa, fuska a murtuke. Na ɗauka Baba zai nuna baƙin nan ya yi tutiya, amma ko waiwayarsu bai yi ba. Ya ce ya je, ya ɗauki gawa, kuma in gobe wani ya mutu zai sake zuwa. In don haka za a sauke shi, ya sauka, zai ci gaba da ɗaukar tabarmin taro. Abu ɗaya ya roƙa, kada a raba jam'iyya a kansa.

Malamin ya miƙe, ya dubi manoman, ya dubi Baba. Ya ce, "Har yanzu ban yarda da abin da ka yi ba, Baba. Ni ba ni zuwa irin wannan jana'iza."

Baba ya ce, "Ban ce ka tahi ba. Kai Allah ya ba baki, ni ya ba ni ƙahwa. Ga mutane sun zo jin magana, tashi ka yi musu jawabi."

Wani ya fashe da dariya, sauran suka bi. Malamin ya hau tebur yana ƙunƙuni, ya yi jawabin da ban taɓa jin ya yi irinsa ba. Maganar sauke shugaba kuwa ba wanda ya sake tada ta, har muka yi la'asar tare.

Zaɓe ya zo, muka sha kaye, kada in yi muku ƙarya. Amma mun faɗi a matsayin jam'iyya ɗaya, kuma a ƙauyen nan mun sami ƙuri'un da ba mu taɓa mafarki ba. Baba da malamin suka ci gaba da musu a rumfata shekara da shekaru, ba wanda ya canza wa wani ra'ayi, kuma duk lokacin da na tuna su sai in ji daɗi a raina.

Abin da na koya shi ne, shugaba ba sai kowa ya yarda da shi ba. Ya isa a ce ya san da zalunci yake faɗa ba da mutane ba, kuma ya fi son tafiyar a kan kujerarsa. Wanda ke da waɗannan biyun, ko mai adawa da shi a cikin gida sai ya sama masa wurin tsayawa.