Yadda mahaifiyata take buɗe waya

Shekarun baya, tun kafin yaƙi ya watsa mu, na samu aiki a wani ƙaramin kamfani a Khartum da ke haɗa manhajar waya. An ɗauke ni gwajin wata uku. Aikina in kai wa mutane abin da aka ƙera, in zauna in ga yadda suke amfani da shi, in dawo in faɗi inda ya ba su wahala. Ni kuwa na ɗinka wando biyu, na sayi jakar ratayawa, har gaisuwata ta canza.

Manhajar ta mata masu yin kisra ce, gurasar nan ta dawa mai shara-shara. Mai gidan abinci ya aiko yana son kaza, waya ta yi ƙara, mace ta buɗe ta ji saƙon. Da yake yawancinsu ba sa karatu, aka ce a bar lambar sirri, a riƙa buɗewa da zanen yatsa. Shugabarmu, wadda muke kira Ustaza, ta ja mini kunne: "Kada ka tambaye su ko yana da kyau. Zauna ka kalli hannunsu."

Na kwashi waya goma na nufi unguwarmu, Dar Salam, can bayan Omdurman. Mahaifiyata ta fi shekara talatin tana sana'ar, ita ta tara mini maƙwabta. Na tsaya nesa da hayaƙi saboda sabon wando, na gwada musu da yatsana, na ce su bi muryar da ke ciki su yi rajistar nasu. Duk suka ce, "Kwayis, ya yi kyau, Allah ya yi albarka." Na kama gabana. A rahoto na rubuta cewa na gani da idona, ba matsala. Na'urar ofis kuma ta nuna duk goman suna buɗewa kullum, sai na ƙara baza kafaɗa.

Ana saura mako guda gwajina ya ƙare, Ustaza ta ce za ta je ta ɗauki hoton hannuwan.

Muka tarar da mahaifiyata a rumfa, zaune a ƙaramar kujera gaban saj, faifan ƙarfen da ake toya kisra a kai. Wayar tana ajiye a ƙasa kan tabarma. Bayan an sha gahawa na ce, "Inna, buɗe Ustaza ta gani."

Ta kalle ni wani iri. Ta wanke hannu, ta ɗauki wayar, ta ɗora babban yatsa. Ta ƙi buɗewa. Ta goge a mayafi ta sake. Ta ƙi. Haka ta bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya.

"Yau dai ba ta jin daɗi," in ji Inna, ta mayar da ita tabarma.

Ustaza ta rufe littafinta. Nan na fara tunanin wa zan sayar wa jakar ratayawa.

Inna ta koma aiki, ta zuba ƙullu a saj tana bazawa. Ana cikin haka wayar ta yi ƙara. Ko waiwaye ba ta yi ba, ta zare ƙafa daga takalmi, ta dangwala babban ɗan yatsan ƙafarta. Wayar ta buɗe tar, muryar mai gidan abinci ta cika rumfar.

Sai a lokacin ta tuna da baƙuwa. Ta ja mayafi ta rufe ƙafar.

"Ya hajja, tun yaushe?" in ji Ustaza, tana danne dariya.

"Tun ranar farko, ya bitti, 'yata. Hannun da ke ɓare kisra daga wuta, wane zane ya rage masa? Na gwada ƙafa ta karɓa, na koya wa sauran."

"Inna, me ya hana ki gaya mini?"

"Ya walad, ɗana, in ce aikinka bai yi ba su kore ka? Kuma wa ke nuna wa baƙo ƙafa?"

Ustaza ta yi dariya har da hawaye, ta cika shafi huɗu da rubutu. A hanyar dawowa cikin raksha, keke mai ƙafa uku, ta wanke ni tas kan ƙaryar rahoto. Ba ta kore ni ba, amma ta yanke mini zaman mako biyu kusa da saj. Wandon bai ƙara komawa daidai ba. Manhajar kuwa aka sauya ta, ta koma buɗewa da murya.

Har yau in na ba da labarin ana dariya, ni ma ina yi. Sai dai akwai ɓangaren da ba na yawan faɗa. Da yammacin ranar na koma gida na ce Inna ta ba ni hannunta. Kan yatsun sumul, fatar ta ƙone ta warke ta sake ƙonewa har ta daina zane. Kunya ta kama ni sosai. Shekara ashirin da shida ina ci daga hannun nan, sai da waya ta ƙi shi sannan na duba shi.