Bunu Mai Ƙaron Maje

Da an idar da sallar asuba, Bunu kan shimfiɗa tabarma a bakin rumfarsa ta kasuwar Haɗeja, ya hura garwashi, ya ɗora kaskon narka ƙaro. Kafin hantsi makaɗa sun fara sallama, wannan da garaya, wancan da gurmi, kowa na son a shafa wa kayansa abin da zai hana danshin fadama cin itace. Bana idanunsa sun dushe, ya ajiye aiki, kuma ba mu ji wanda ya ce masa sannu a bainar jama'a ba.

Sassaƙa ya gada. Wanda ya kai shi ga ƙaro shi ne Tukur, wani saurayi da ya dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama da tari a ƙirji, da kuma molon Turawa da ake kira jita. Tun dawowarsa ba ya son magana. Mahaifiyarsa Mairo ta ce sai ta ji sautin jitar take sanin ɗanta na gida. Shekarar da kogi ya tumbatsa ya shiga gidaje, ruwa ya jiƙa jitar, ƙyallin jikinta ya yi ɓawo ya zube. Sai Tukur ya kawo wa Bunu ita.

"Baba, za ta tashi kuwa?" in ji Tukur.

Bunu ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Katakon lafiya lau yake. Rigarsa ce ta yage, sai mu nemo masa wata."

Ya hau jaki har garin Malam Madori, ya zaga kantunan tashar jirgi. Babu komai sai fentin ƙofa mai kauri, wanda ya ce zai shaƙe mata murya. Ya aika Kano, aka ce man sheƙin katako ya yanke. Sai ya koma ga abin da ƙasa ta ba mu. Ƙaron dakwara ya yi ƙyalli, amma da raɓa ta sauka ya narke. Man gyaɗa ya ƙi bushewa. Kakin zuma kuwa rana ta sa shi laushi. Wani masunci daga Guri ne ya faɗa masa cewa ƙaron maje, wanda fatake ke kawo wa masu turaren wuta, ruwa ba ya cin sa. Maƙwabtan rumfarsa sun shaida ranar da kasko ya kama da wuta ya ƙone masa hannu. Ya ɗaure hannun da tsumma ya ci gaba, yana gwadawa a guntayen katako, har haɗin ya yi.

Duk wannan lokaci tarin Tukur na ƙaruwa. Wata rana ya zo yana dafa bango.

"Baba, ba ni ita haka nan."

"Ɗana, shafin ƙarshe bai bushe ba. In ka rungume ta yanzu aikin ya lalace. Ƙara haƙuri kaɗan."

Kafin shafin ya bushe, Allah Ya karɓi abinsa. Bayan addu'ar uku Bunu ya naɗe jitar a farin ƙyalle ya kai wa Mairo. Ta shafa ta, ta ce, "Malam Bunu, ka yi aikinka. Mai ita ne bai jira ba."

Ya ce, "Da na sani, da na miƙa masa ita da danshinta."

Bunu, kai ne tun daga ranar ba ka ƙara sa marar lafiya ko tsoho jiran aiki ba. Kai ne makaɗa suka wasa manoma da masunta da 'yan kokawa da kayan da ka gyara, amma babu wanda ya sa sunanka a waƙa. Na Haɗeja, ƙi-gudu, mai hannu da tabo! Mun bar ka ka tsufa, ba wanda ya zauna ya koyi haɗin nan a wurinka.

Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan Tukur. Ku kuma masassaƙan garin nan, ku ɗauki halinsa na naci, ku je ku zauna gabansa ku tambaya. Idanun sun tafi, amma har yanzu da hanci yake gane ƙaron da ya nuna.