Babagana da Ƙwayar da Ta Daina Jin Fenisilin

Duk wanda ya yi wayo a Soron Ɗinki cikin shekarun nan na hamsin ya san Babagana. Ɗa ne ga Goni Bukar, wanda kakanninsa suka zo daga Barno da alƙalumansu, suka zauna cikin birni suna rubuta Alƙur'ani. Sana'ar gidan ta zama ce, a tanƙwashe ƙafa tun hantsi, ba a miƙewa sai azahar. Shi kuwa Babagana Allah bai yi shi da zama ba. Ya sauke, hannunsa ma ba laifi, amma da ya yi layi uku sai ya miƙe wai zai wasa wuƙar fiƙe alƙalami, ba a sake ganinsa sai an aika nemansa.

Aminin Goni, Malam Sabo na Gwale, shi ya ce a ba shi shi. Malam Sabo mai wankin miki ne a wani ƙaramin asibiti bayan Ƙofar Ruwa, kuma saboda sanyin hannunsa mutane suka laƙaba masa Mailafiya. "Ɗana" yake kiran Babagana. Da yake Babagana ya taɓa boko har aji huɗu, sai Malam Sabo ya roƙi likita, wani Bature dogo mai yawan shiru, aka sa shi ɗakin gwaji. Da wankin kwalabe ya fara. Kafin shekara shida ya zama shi ne mai ɗakin, ya yi aure, ya sayi keke.

Aikin ya dace da shi, don ba ya ƙarewa. Zai ɗebo mugunya daga miki da tsinke mai auduga, ya shafa a kan ɗan farantin gilashi mai wani abu kamar daskararren romo, wanda shi ne abincin ƙwayoyin cuta. Ya sa a akwatin ɗumi mai aiki da kananzir. Washegari sai ga su sun tsiro ɗigo-ɗigo, ruwan zinare. In ya ajiye guntuwar takarda da ya jiƙa da fenisilin a tsakiyar farantin, sai ka ga fili fetal kewaye da ita kamar an share, ba ƙwayar da ke iya matsowa. Lokacin kuwa fenisilin na tashe. Mutum zai taso daga ƙauye da ciwon kai, ya ce shi dai allura yake so.

Cikin daminar 1956 aka yi wa wani maƙeri mai suna Haruna aikin gwaiwa. Aiki ya yi kyau, har ya fara tambayar ranar sallama. Rana ta huɗu wurin ɗinkin ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Aka shiga yi masa allura, kwana bakwai, kamar ana zuba ruwa. Babagana ya ɗebi mugunyar ya shuka. Da ya buɗe akwatin da safe sai ya ga ƙwayoyin sun tsiro har jikin takardar, ba fili ko na ƙwayar gero.

Ya ce zafi ne ya lalata maganin, ya fasa sabuwar kwalba. Haka ya sake gani. Ya ce to kuskurensa ne, ya maimaita sau uku. Yana cikin wannan sai mikin Salihu marini, mai gado na kusa da taga, shi ma ya rikice. Kafin wata ya cika mutum biyar ne, dukansu a ɗakin maza. Ɗakin mata kuwa lafiya lau. Ranar wata Laraba Haruna ya cika.

Daga ranar Babagana bai sake sanin inda hankalinsa yake ba. Ya goga tsinkensa a barguna, ya goga a ƙarfen gadaje, a randar ɗakin, a almakashi da hantsaki, har ƙudaje ya kama ya murƙushe a faranti. A gida matarsa Dije za ta ajiye masa tuwo, ya yi loma biyu a tsaye, ya fita zaure, ya dawo, ya tambaye ta wace rana ce yau.

"Malam, ko dai a karɓo maka rubutu wurin Baba?" in ji ta.

"Ba ni ne marar lafiyar ba, Dije. Abin nan yana da ƙafa. Daga wannan gado ya koma wancan, ni kuma na kasa ganin sawunsa."

Likita ne ya ce masa ya karanta a wata takarda daga ƙasarsu cewa irin wannan ƙwaya kan zauna a hancin mai lafiya, ba ta yi masa komai, sai dai ta bi hannunsa ta shiga mikin wani. Babagana ya fara da hancin kansa, bai sami komai ba. Sai ya je ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin maza yana kallon yadda ake aiki.

Malam Sabo mutum ne mai tsabta, alwala ba ta rabuwa da shi. Ya wanke hannu a tasa kafin ya fara, ya kwance bandejin mutumin farko, ya wanke, ya ɗaure, yana yi masa hira har mutumin ya manta da zafi. Kafin ya isa gado na biyu sai ya zaro battarsa, ya tsinci garin taba, ya shaƙa, ya murza hanci da yatsa, ya goge a jikin riga, ya sunkuya kan miki na gaba. Babagana ya sha ganin wannan shekara da shekaru, bai taɓa ɗaukarsa komai ba. Ranar kuwa sai ya bi yatsan nan da ido, daga hanci har kan miki.

Aka ce duk ma'aikatan ɗakin, su bakwai, a gwada hancinsu. Malam Sabo har da dariya, ya miƙo nasa yana cewa, "A hankali, ɗana, kada ka ƙara masa faɗi." Bayan kwana biyu faranti shida suka fito ba abin damuwa. Na bakwai kuwa, da shi da na marigayi Haruna ba ka iya bambanta su.

Babagana bai nufi ofishin likita ba. Da aka tashi aiki ya hau keke ya yi Gwale. Ya wuce ƙofar gidan, ya zagayo, ya sake wucewa. Sai bayan la'asar ya yi sallama. Malam Sabo na zaune a zaure kan buzu.

"Ai na ga kekenka ya gifta sau biyu. Zauna mana."

Bai zauna ba, ya dai tsuguna daga bakin tabarma.

"Baba, gwajin nan ne ya fito. Ƙwayar da ta shiga mikin Haruna, na same ta a hancinka."

"Na yi maka kama da marar lafiya?"

"A'a, Baba. Kai ba ta cutar da kai. Zaune kawai take, sai in ta sami hannu ta bi."

Malam Sabo ya ajiye carbinsa. "Shekara ashirin da shida ina wanke mikin mutanen garin nan. Kai da na ɗauko daga gaban allo, yau kai ne za ka ce ni na kashe Haruna?"

"Ban ce ka kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma Salihu na nan da rai, Baba, kuma gobe kai za ka kwance masa bandeji."

Can Malam Sabo ya ce, "Ka gaya wa Bature?"

"Sai gobe. Na ga bai kamata ka fara ji daga bakinsa ba."

"Tashi ka tafi."

Da labari ya kai wa Goni, tambaya ɗaya ya yi wa ɗansa, ko ya tabbata da abin da ya gani. Babagana ya ce ya tabbata. Goni ya ce, "To da ka bari ni na je masa. Irin wannan magana ba ta ɗa ba ce."

Washegari Malam Sabo ya riga kowa zuwa. Da kansa ya shiga wurin likita, ya faɗi abin da aka gano, ya ajiye battar a kan tebur. Aka ɗauke shi daga ɗakin mako uku, yana shafa wani mai a hanci. Babagana ya sa aka ajiye tasa da sabulu tsakanin gadaje, aka riƙa dafa hantsaki bayan kowane majinyaci, masu wankin miki suka fara rufe hanci da ƙyalle. Cikin wata uku mutum ɗaya kaɗai ya kamu. Salihu ya koma marinarsa da ƙafarsa.

Sai dai hancin Malam Sabo in ya warke sai ƙwayar ta dawo. Da aka yi haka sau biyu, ya nemi a mai da shi tagar ba da magani, bai sake taɓa miki ba. Kullum suna gaisawa da Babagana, ya tambaye shi iyali, amma "Malam Babagana" yake ce masa, har ya rasu a 1959.

Babagana kuwa aiki ƙaruwa ya yi masa. Ƙwayar ta fara shigowa daga gari, a jikin waɗanda masu allurar bayan fage suka yi wa rabin magani suka sallama. Yakan bi irin waɗannan masu allura har rumfunansu yana yi musu bayani, wasu su saurara, wasu su ce baƙin ciki yake yi. Da aka kawo sabon magani, wani ƙwanso ruwan ɗorawa, ya dami likita da roƙon a ɓoye shi, kada a ba kowane mai tari. Likita ya yarda, ya sa shi a kabad ya kulle. Duk da haka shekara biyu ba ta cika ba Babagana ya buɗe akwatinsa wata safiya ya tarar da farantin farko da ƙwayarsa ba ta ji sabon maganin ba. Na wata mata ce daga ƙauye, mai maruru a wuya, wadda ko kwana ɗaya ba ta taɓa yi a asibiti ba. Ya rubuta sunan ƙauyen a tafin hannunsa, ya je neman wanda ya san hanya.