Ɗan Kunne Guda Ɗaya

Jiya ina neman allura a tsohuwar adaka, sai ga ɗan kunnen azurfa na kakata, guda ɗaya tilo, ƙulle cikin tsumma mai ƙamshin turaren wuta.

Duk sanda matan yamma masu tafiya Makka suka sauka ƙauyenmu kusa da Makwar, sai ta kai musu ruwa, ta tsaya tana kallon kunnuwansu. Rannan na ce, "Kaka, wai ina ɗayan?"

Ta shafa kaina ta ce, "Yana wurin mai shi, 'yar nan. Je ki ɗora gahawa."

Har ta rasu ba ta faɗi sunan ba. Yanzu ni ma a kasuwa kunnuwan tsofaffi nake bi da kallo. Allah ya haɗa su a Aljanna, ita da mai ɗayan.