Ɓauren Bayan Ɗakin Iya

A gidanmu na unguwar Briqueterie, da an ɗauke wuta bayan magariba sai mu yara mu kewaye murhun Iya. Iya kakata ce, mai tuyar ƙosai, kuma wallahi ba ta san tatsuniya mai daɗi ba. Tata sai ta hana ka zagayawa bayan gida kai kaɗai.

A wata damina ina da sirri. Kawu ya kawo mana ɓaure daga Garwa, na murje ɗaya cikin ruwa, na tsince irin da ya nutse, na cusa a tsagin bangon ƙasa na bayan ɗakin Iya, don nan ne kaɗai kaji ba sa kaiwa. Ya kuwa tsiro, da 'yan ganyaye kamar kunnen ɓera. Kullum sai na ba shi ruwa kafin in tafi lakwal, wato makaranta.

Ran nan hadari ya haɗu, Iya ta tura itace a wuta ta ce, "To, ga ta nan tafe." Muka ce ta iso mu ji.

Wai wata yarinya ce ta shuka ɓaure a bangon kakarta. Saiwar ta shiga neman ruwa, sai ta jiyo numfashin tsohuwa. Kullum tana matsowa ta ƙarƙashin tabarma, tana raɗa, "Ƙishi nake ji." Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, bango ya wangame baki. Da safe ba ɗaki, ba tsohuwa, sai carbinta na lilo a reshe.

Na ce, "Iya, yarinyar fa?"

"Tana nan da ranta, 'yar nan. Ai shi ne abin tausayin."

Sai ruwa ya fara dukan kwanon rufi. Wayyo Allah! Na zabura cikin duhu, na faɗa lungun bayan ɗaki, caɓi har idon sawu. Na lalubo tsiron na ja, ya ƙi. Ina ja ina kuka, ina jin kamar wani ne ya riƙe shi daga ciki, ƙasar bango na zubo mini a hannu.

Haske ya faɗo ta bayana, na ƙwala ihu. Ashe Iya ce, fitila a hannu, ga gwangwanin tumatir cike da yashi don dasa tsiron.

"Ja a hankali, sarkin noma, kar ki tsinke shi."

Saiwar da ta fito ta fi hannuna tsawo.

Sai da na girma na gane Iya ta daɗe da ganin tsiron. Da yatsa biyu za ta iya cire shi, amma ta bari mai shuka ta san abin da ta shuka. Iya ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Ɓauren yana gidana a unguwar Ekoudou, a tsakar gida, nesa da kowane bango. Amma har yau in ruwa ya sauka kan kwano, sai na tashi na je na kara kunne a bangon ɗakin mahaifiyata.